Musayar Waƙa a Kan Bikin Cikar Wata na Sinawa

Mai Alƙalami:
Jama'a, ga baitin buɗewa a kan bikin tsakiyar kaka da Sinawa ke yi ran 15 ga wata na takwas a kalandarsu ta wata, suna tuna tatsuniyar Chang'e, matar maharbi Hou Yi da ta koma zama a wata, kuma amsa-amonmu shi ne "ta".

Daren sha biyar Sinawa ke zaman kallon wata,
Su rataye fitilu, dangi su taru don zumunta,
A yanka waina mai gwaiduwar ƙwan agwagwa cikinta,
A tuna Chang'e da ta bar miji ta yi tafiyarta.

Ɗan Birni:
Rana goma suka ɓullo, duniya ta kasa huta,
Hou Yi ya harbo tara da baka, ya gwada bajinta,
Aka ba shi maganin hana mutuwa ya zama kyauta,
Matar ta shanye, Malam, wannan ai sunansa sata.

'Yar Malam:
Ɗan Birni, rabin labari ka ji, ka hau zagin mata,
Almajirin mijin ne ya zo ƙwace da mugunta,
Ta haɗiye maganin kada azzalumi ya rabauta,
Ta sauka a wata don kusa da miji, je ka sake karanta.

Gwaggon Zaure:
Allah ya ƙara basira, 'yata, domin kin rufe bakin da ya daɗe yana damunmu.

Sarkin Kari:
Malama, hujjarki ta tsaya, tunda duka riwayoyin biyu suna yawo a bakin Sinawa, amma ɗangonki na ƙarshe ya fi 'yan'uwansa tsawo har karin ya karye, kuma yabon Gwaggo ba zai ɗora shi ba.

'Yar Malam:
Wu Gang na saran bishiya a wata, bai taɓa huta,
Ya sara, ta haɗe, kullum wahalarsa ta ɓata,
Haka kake da baitin mutane, Sarki, ka gafarta.

Sarkin Kari:
Ɗango uku kika kawo a zaren ƙwar huɗu, Malama, saboda haka ina jiran cikon.

Ɗan Birni:
Ku yi haƙuri da jinkirina, ga cikon na ara mata.

Zomon Chang'e na daka magani a turmi yana taya ta,
Sinawa sun ba shi sunan Yutu, ban manta,
A 2013 motarsu mai sunansa ta taka wata,
Ba ta ga Chang'e ba, balle mu ji daga bakinta.