Rumfar kare rana ta saman gilashin DAF: ta Beljiyam, sabuwa, ko ta mai walda?

Mai DAF a Dawanau:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da DAF CF 85 da ake yi mini jigilar hatsi da ita daga Dawanau zuwa Maiduguri, kuma tun da na saye ta ba ta da rumfar nan da ake kafawa a saman gilashin gaba ta waje, wadda take fitowa kamar bakin hular hana-salla. Direbana ya daɗe yana kukan cewa idan ya bar Kano bayan asuba, kafin ya ƙetare gadar Wudil rana ta fara dukan idonsa, da hantsi kuma cikin kan motar ya koma kamar tanderu.

Na zaga Ƙofar Ruwa an nuna mini iri biyu, wato ta Beljiyam da aka ciro daga jikin wata mota, da sabuwa ta roba mai duhu da ake shigowa da ita daga Caina. Wani mai walda kuma ya ce in bar masa aikin, zai lanƙwasa mini ta ƙarfe da rahusa. Wacce ce ta fi dacewa da hanyarmu, kuma me ya kamata in kula da shi wajen ɗaura ta?

Fanelbita, Ƙofar Ruwa:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin a zo maganar wacce ta fi, a tabbatar ta CF ce, domin kan CF bai kai na wani samfurin DAF da ake kira XF faɗi ba, kuma ko a cikin CF ɗin akwai mai gajeren rufi da mai dogon rufi. Mai shago zai iya ce maka DAF duk DAF ce, amma ranar ɗauri za ka ga ramukan ba su haɗu ba, sai a ɗauko injin huji a ce za a gyara, kuma daga nan ɓarna take farawa.

Yawancin kawunan motocin Turai suna zuwa da wuraren ɗauri da kamfani ya tanada a saman gilashi, a toshe da roba ko a ɓoye ƙarƙashin fenti. Rumfar da ta dace a nan take zama, ba tare da an huda ko'ina ba. Saboda haka kada ka karɓi rumfa ba tare da ƙarafan da suke riƙe ta ba, domin su ne ake yawan ɓatarwa idan an kwance ta Beljiyam. A daminar bara an kawo mini wata mota da aka huda rufinta wuri shida aka ɗaura ta ƙarfe. Da muka ɓamɓare silin ɗin ciki, soson ya jiƙe sharkaf yana warin ruma, tsatsa ta zagaye kowane rami kamar kwalli, biyu daga ciki kuma sun tsage har tsawon ɗan yatsa, saboda ƙarfen ya yi nauyi, iska tana ɗaga shi, ramukan hanya suna girgiza shi. Kuɗin gyaran ya fi na rumfar nesa ba kusa ba.

A ganina, ta Beljiyam mai lafiya ta fi, amma ka ɗaga ta ka duba ta a hasken rana, musamman kewayen ramukan noti. Idan ka ga ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo-gizo, rana ta riga ta cinye robar, ba za ta yi shekara ba. Sabuwar ma tana aiki idan mai kauri ce. Wajen ɗauri a sa washa ta roba, kada a matse noti har ƙarshe, domin roba tana buɗewa da zafi, sannan a sake duba notunan bayan tafiyar farko.

Tsohon direban tirela, Mariri:

Alhaji, abin da malamin nan ya faɗa gaskiya ne, amma ina so in rage maka buri. Na yi shekaru ina bin hanyar nan ta Azare, Potiskum da Damaturu, kuma rumfar waje ba ta maganin ranar da yaronka yake kuka da ita. Rana idan ta fito da safe tana ƙasa-ƙasa ne, ta ƙarƙashin rumfar take shigowa, haka ma ta la'asar sakaliya idan an juyo Kano. Amfanin rumfar yana farawa ne idan rana ta ɗaga, lokacin da take inuwantar da saman gilashi ta rage zafin da ke sauka a kan sitiyari. Maganin ta safe shi ne marfin ciki da ake saukewa, da tabarau mai kyau, da tsabtar gilashi ciki da waje, musamman da hunturu, lokacin da ƙura take kwanciya ta mayar da gilashin fari fat da zarar haske ya taɓa shi.

Ina kuma jan kunne game da masu zurfi irin na manyan motocin Amurka, waɗanda samari suke sha'awa saboda ado. Na taɓa karɓar mota mai irinta, na tsaya a danja cikin gari, sai da na sunkuya har ƙirjina ya taɓa sitiyari kafin na ga fitilar ta ba da hannu. Abin da zai hana direba ganin allon da ke sama ko ƙasan gada ba abin sha'awa ba ne.

Mai gyaran wutar mota, Hotoro:

Idan rumfar mai ƙananan fitilu ce, a tuna cewa wutar DAF bolt 24 ce, don haka fitilun ƙananan motoci masu bolt 12 ƙonewa za su yi. A ja wayar daga layin fitilun gefe, a sa mata fiyus nata, a bi da ita ta inda wayoyin kamfani suka bi, domin kan motar ana kifa shi gaba idan za a duba inji, kuma wayar da aka ja kai tsaye daga batir tsinkewa take yi. Fitilun su zama farare ko ruwan ɗorawa. Ja ta baya ce, kuma sa ta a gaba neman magana ne da jami'an kiyaye haɗurra.

Mai DAF a Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba na Mariri, na hau motar ɗazu na duba, ashe marfin ciki na ɓangaren direba ya karye tun tuni, an ɗaure shi da igiyar buhu, kuma yaron bai taɓa faɗa mini ba. Shi zan fara saya. Malam fanelbita, na koma wajen mai ta Beljiyam ɗin, robar ba ta da tsaga, amma ƙarafanta uku ne kawai ya samo, ya ce na huɗun ya ɓace. Idan na kawo maka ukun tare da motar ranar Asabar, za ka iya ƙera na huɗun a kan ma'auninsu?