The Handy tana kakkarwa kuma tana riga bidiyo: laifin fayil ne ko na inji?

Bakin_Karfe ya rubuta:

Barkanmu da warhaka 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka ƙware a gyaran funscript, wato fayil ɗin da ke gaya wa na'urar jin daɗi ta manya yadda za ta motsa daidai da bidiyo. Na'urar The Handy ce. Manhajar da ke bin motsin hoto da kanta ce ta fitar da fayil ɗin, sannan na gyara wasu wurare da hannu a OpenFunscripter, manhajar gyaran irin wannan fayil. Tsawon bidiyon minti 40.

Matsala uku ce. Inda motsi ke da sauri, hannun na'urar ba ya kai wa ƙarshe, sai ya tsaya a tsakiya yana kakkarwa. Inda ake tafiya a hankali kuma, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa. Ta uku, farkon bidiyon komai daidai, amma kusa da ƙarshe na'urar tana riga hoto da fiye da daƙiƙa 2. Na matsar da lokacin fayil ɗin, ƙarshe ya gyaru, farko ya lalace. Ta ina zan fara?

Injiniya_Sule ya amsa:

Malam, injinka lafiyarsa lau, fayil ɗin ne ke neman abin da ba zai iya ba. Buɗe shi a kowace manhajar rubutu, za ka ga jerin ɗigogi, kowanne da lamba biyu: "at" shi ne lokaci a milisakan (kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa), "pos" shi ne matsayin hannun na'urar a maki daga 0 zuwa 100. Babu inda aka rubuta gudu. Na'urar ce ke lissafa shi daga tazarar da ke tsakanin ɗigo biyu, don haka kai ma sai ka lissafa.

Tafiyar hannun The Handy samfurin farko milimita 110 ce, iyakar gudunta kuma wajen milimita 400 a daƙiƙa. Ma'ana daga 0 zuwa 100 ba za ta yi shi a ƙasa da milisakan 275 ba, ko kuma maki 360 da 'yan kai a daƙiƙa. Ɗauki misali: fayil ya ce daga 10 zuwa 95 a milisakan 150. Maki 85 ke nan, milimita 93.5, gudun da ake nema ya haura milimita 620 a daƙiƙa. Hannun zai tashi, kafin ya kai 95 umarnin dawowa ya iso, sai ya juya a hanya. Idan aka jera irin wannan sau goma, shi ne kakkarwar da kake gani a tsakiya.

Gyara iri biyu ne. Na farko, rage nisa ka bar lokaci yadda yake: a milisakan 150 abin da za ta iya bai wuce maki 54 ba, to mayar da shi 25 zuwa 75. Na biyu, idan wurin ya yi sauri ƙwarai, cire hawa da sauka ɗaya ka bar ɗaya, gudun ya ragu da rabi amma har yanzu yana faɗawa kan bugun. Ni na fi son na farko, domin mai amfani ya fi saurin gane saɓanin lokaci a kan raguwar nisa. Kada ka taɓa jan ɗigo gaba don ba injin sarari, motsin zai goce daga hoton. Kuma kada ka tsaya daf da 360, bar shi wajen 330, domin da nauyi a kai injin ba ya kai gudun da yake yi a sake.

Hajiya_Lamba ta amsa:

Abin da Injiniya ya faɗa haka yake. Bari in ɗauki ta biyu, don ita ce mutane suka fi kuskuren ganewa.

Manhajar bin hoto tana ajiye ɗigo a kowane firem, wato kowane hoto ɗaya na bidiyon. A bidiyo mai firem 30 a daƙiƙa, ɗigo ɗaya ke nan duk milisakan 33. To "pos" cikakkiyar lamba ce, ba ta da ɓari. Motsin da ke tafiyar maki 20 a daƙiƙa yana ƙara kashi biyu cikin uku na maki a kowane firem, sai a rubuta shi 50, 51, 51, 52, 53, 53. Duk inda lamba ta maimaitu, an umarci injin ya tsaya. Ga kuma rawar da manhajar ke yi wajen bin hoto, wani lokaci har ta koma baya da maki ɗaya. Na'urar ba ta san kuskure ba ne, bi kawai take yi.

Zaɓi wurin a OpenFunscripter ka yi amfani da Simplify, wanda ke aiki da dabarar Ramer-Douglas-Peucker wajen zubar da ɗigogin da ke kan layi ɗaya. Fara da ƙaramin ƙarfi kana ƙarawa. Idan ka cika shi zai haɗiye ƙananan motsin da aka sa da gangan. Hawa ɗaya ɗigo biyu yake buƙata, ƙasa da sama, sai ɗaya ko biyu a tsakiya idan gudun ya canja da gaske.

Bayan haka duba ƙarancin gudu. The Handy ba ta tafiya sumul a ƙasa da kimanin milimita 32 a daƙiƙa, wato maki 29. Nan ne tarkon yake ga masu taƙaita tafiyar hannu daga saitin na'ura: idan ka mayar da ita 20 zuwa 80, tafiyar ta koma milimita 66, sai ƙarancin ya tashi zuwa maki 48 a daƙiƙa. Wuraren da a da suke lafiya su ma su fara tsattsayawa. Ko dai ka ƙara nisan motsin a fayil, ko ka sa ta tsaya cak na ɗan lokaci sannan ta yi tafiyar da gudun da take iyawa.

Dan_Waya77 ya amsa:

Ta ukun lissafi ne. Saɓanin da bai canjawa daga farko har ƙarshe jinkirin sadarwa ne, Bluetooth ko Wi-Fi, shi ne matsar da lokaci ke gyarawa. Saɓanin da ke ƙaruwa kuwa agogo biyu ne ba su daidaita ba. Kusan tabbas bidiyonka firem 29.97 ne, manhajar ta ɗauka 30. Bambancin kashi 1 cikin 1,000 ne, a minti 40 daƙiƙa 2.4, kuma fayil ne ke gaba. Ya yi daidai da abin da ka kwatanta. Duba da MediaInfo, manhajar da ke nuna bayanan bidiyo, idan haka ne ninka kowane "at" da 1.001.

Amma ka kula, ɗigogin da ka sa da hannu suna kan lokacin gaskiya, ninkawar za ta gusar da su. Koma kan asalin fayil ɗin da manhajar ta fitar, ninka shi, sannan ka maido gyaranka. Idan MediaInfo ya nuna yawan firem ɗin yana sauyawa, kamar yadda bidiyon waya ke yi, ninkawa ba za ta isa ba. Mayar da shi tsayayye da manhajar sauya bidiyo, HandBrake ko ffmpeg, a sake bin hoton.

Injiniya_Sule ya ƙara:

Tsarin aikin yana da muhimmanci: lokaci tukuna, sai rage ɗigogi, sai gudu a ƙarshe. In ka fara da gudu za ka yi aiki biyu. Kafin komai ma, haɗa fayil ɗin gwaji na minti ɗaya, 0 zuwa 100 duk milisakan 500. Idan shi ma ya yi tangarɗa, to duba madaurin da ke riƙe rigar robar na'urar ko ya matse da yawa, rigar ko ta bushe tana buƙatar mai na ruwa, da kuma cajar ko tata ce ta asali.

Ga mai OSR2 ko SR6, wasu na'urorin masu irin wannan aiki, lambobin nan ba nasa ba ne, iyakar ta dogara da injinan sarbo (ƙananan injinan da ke motsa hannun) da ya sa da ƙarfin wutarsu. A manhajar MultiFunPlayer da ke tuƙa su, ya zaɓi saitin Pchip don laushin juyi, ba ya zarce ɗigon da aka sa, saitin Makima kuwa yakan ɗan wuce.

Bakin_Karfe ya amsa:

Allah ya saka da alheri. MediaInfo ya nuna 29.970, tsayayye. Zan ninka asalin fayil ɗin in bi tsarin da Injiniya ya jera.