A tashe mu zuwa sabon gari, ko a gyara mana dig, bangon ƙasa mai tare ambaliya?

Malamin lekol: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana, na san za ta yi wa wasu zafi. Ruwan 2022 ya ci unguwannin bakin kogi a nan Kusiri ta Kamaru, na 2024 ya maimaita, a Yagwa har gada ya karya. Duk damina buhunan ƙasa muke cikawa muna jerawa. Ni a ganina kuɗin da gwamnati ke zubawa a wannan toshe-toshe asara ne. Gara ta zana sabon gari nesa da kogi. A haƙa magudanai tun kafin a yanka fuloti, a dasa dogon yaro layi-layi irin na Marwa, famfo da fitila su yi aiki da hasken rana, a yi gini da bulon ƙasa maimakon kwanon da ke dafa mu a watan Afrilu. Sai a tashi duk wanda ke zaune a kwari a kai shi can.

Baba Alhaji: Wa alaikumus salam. Malam, tudun da za a kai mu a ina yake? Daga nan har ka hango duwatsun Waza ƙasa shimfiɗe take kamar faifai. Baƙar laka ce, in ta sha ruwa ba ta sakinsa, in ta bushe ta dare har ƙafar jaki ta shige.

Malamin lekol: Baba, ciko ake yi. Injiniyoyi sun san aikinsu.

Hajiya mai banda: Ciko da kuɗin wa, ɗana? Ni dai kifina daga kogin Logon yake fitowa, masu sayensa kuma ta gadar Ngeli suke tsallakowa daga Njamena. Ka kai ni inda sai na ba mai moto jaka guda kullum kafin na ga kogi, ribar bandar nawa ce? Inuwar dogon yaro ba ta cika tukunya.

Ɗan Waliya: Ku bar ni na sa baki, tunda mu a ƙetare mun ɗanɗana. A 2022 da Shari da Logon suka cika, an kwashe mutanenmu na Waliya, unguwarmu a Njamena, zuwa Tukra, aka kafa tantuna. Ruwa na janyewa maƙwabtana suka tattara komatsai suka dawo kan kangon gidajensu. Ba taurin kai ba ne, kasuwarsu da makarantar yaransu na nan. Batun itatuwa kuwa, a 2008 Idris Debi, shugaban Chadi na lokacin, ya ƙaddamar da zoben itatuwa kewaye da Njamena. Inda aka samu mai ban ruwa da mai gadi sun tashi, inda aka dasa aka juya baya awaki sun yi biki.

Malamin lekol: Yaya, ai ka kawo mini hujja ne. Tanti ba gari ba ne. Ni gari nake faɗa, da kasuwa da asibiti. Ku dubi Minawawo kusa da Mokolo. A 2013 aka buɗe shi don 'yan gudun hijira daga Najeriya, masu neman itacen girki suka aske dajin wurin tas. Daga baya aka dasa dubban itatuwa, mata suka koyi yin gawayi da ɓawon gyaɗa da kara. Yau akwai inuwa. Marwa da Gidar kuma suna da tashoshin lantarki na hasken rana. Me ya gagara?

Baba Alhaji: Mutanen Minawawo ba su da inda za su koma ne, Allah ya kawo musu sauƙi. Kuma ƙungiyoyin waje ne ke ciyar da aikin. Ni bari na tuna maka abin da idona ya gani. A 1979 aka yi madatsar Maga don shinkafar SEMRY, kamfanin noman shinkafa na gwamnati. Su ma injiniyoyi ne suka zana, da kyakkyawar niyya. Ruwan da ke malala cikin yayre, wato fadamar Logon, duk shekara ya ragu, ciyawa ta mutu, kifi ya yi ƙaranci, makiyaya suka watse. Sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwan hanya ya koma wani sashe na fadamar. Wannan ruwa da kake kira annoba, shi ke jiƙa ƙasar da muke dasa masakwa, dawar rani, in ya janye. Wanda zai zana mana gari daga ofis a Yawunde, ya taɓa tsugunawa ya dasa masakwa?

Autan zaure: Baba ya gama magana 😂

Malamin lekol: Bai gama ba, Auta. Baba, da girmanka, gona daban, ɗakin kwana daban. A bar gonaki a fadama, a ɗauke yara daga bakin ruwa. Bara jikokinka a ajinmu suka kwana sati uku.

Baba Alhaji: Wannan gaskiya ne, ban musa ba.

Hajiya mai banda: To ni tambayata ɗaya ce. In an yanka fulotan, wa zai samu? Bayan wani ruwa da ya rushe mana ɗaki biyu, an rubuta sunayenmu a wani ofis, aka ce za a ba mu fili. Na kai hoto, na kai takardar ɗan ƙasa, na yi sawu ya fi goma. Yanzu in na wuce wurin, katangun masu kuɗi nake gani da ƙofofin ƙarfe. Sabon gari mai itatuwa da fitila kuwa, kafin mai banda ta ji labari an gama rabo.

Ɗan Waliya: Goggo, ciwon ɗaya ne har wajenmu.

Baba Alhaji: A 2012 Shugaba Biya ya zo duba ɓarnar ruwa, aka yi alkawarin dig mai hanya a kai, kilomita 330 daga Gobo zuwa Kusiri. An gyara wani sashe wajen Maga da kuɗin Bankin Duniya, amma nan bai iso ba. A cika wannan tukuna, sai mu yi zancen gari.

Malamin lekol: Ko an yi dig ɗin, ruwan sama da ke taruwa a cikin gari ta ina zai fita? Kwatocinmu cike suke da leda.

Hajiya mai banda: To ka tara mana samari ranar Asabar su yashe na bayan kasuwa. Ni zan kawo kunu.

Autan zaure: Goggo, da ƙosai ko babu?