Shafin kasuwancinmu ya durƙushe ana gab da Sallah: wa ya taɓa shiga wannan hali?

Mai sayar da atamfa da leshi, Wunti, Bauchi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa shiga halin da muka shiga ana gab da ƙaramar Sallah, lokacin da ciniki ya fi kankama. Shafin da muke karɓar oda ta cikinsa ya fara nauyi da hantsi, kafin azahar ya daina buɗewa gaba ɗaya. Da la'asar saƙon imel ya shigo, wai mu biya kuɗi da Bitcoin ko harin ya ci gaba har bayan Sallah. Ba mu biya ba, amma kamfanin da ke ajiye mana shafin ya sauke mu daga sabarsa, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, don kada mu shafi sauran abokan hulɗarsa, kuma wannan ya fi harin ƙona mini rai.

Mai kula da shafukan makarantu da otal, Yelwa:
Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Wannan shi ne harin da ake kira DDoS, inda ake tura dubban na'urorin da aka yi wa kutse su yi ta neman shafi ɗaya a lokaci guda har sabar ta gaza amsa kowa. Da yawa daga cikinsu kyamarorin tsaro ne da na'urorin raba intanet waɗanda masu su ba su canja kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani ba, kuma da irinsu manhajar Mirai ta durƙusar da kamfanin Dyn a Amurka, wanda manyan shafuka suka dogara da shi don a iya isa gare su, a watan Oktoban 2016, har Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga jama'a da dama. Da aka kai wa wata makarantar da nake yi wa aiki hari a makon rajista, mun sa shafinta ƙarƙashin kariyar Cloudflare, kamfanin da ke tace masu neman shafi kafin su isa sabar, muka taƙaita yawan buƙatun da adireshi ɗaya zai iya aikowa a minti guda. Sai dai maharan sun riga sun san ainihin adireshin IP na sabar, suna dukanta kai tsaye, don haka sai da muka canja shi muka kuma hana duk wata shiga da ba ta biyo ta matatar ba, sannan ƙura ta lafa.

Akanta a kamfanin sayar da taki, kasuwar Muda Lawal:
Hajiya, don Allah a duba asusun banki da akwatin imel tun yau. A wurinmu faɗuwar shafin rufa-ido ce kawai. Yayin da ma'aikata suka taru a kan kwamfuta ɗaya suna kiran injiniya, wani ya shiga imel ɗin manaja da kalmar sirrin da aka sace tun da farko, ya aika wa dilolinmu sabuwar lambar asusu. Wani dila daga Azare ne ya kira ya ce sunan da ya fito masa kafin ya tura kuɗi ba na kamfani ba ne, amma wasu sun riga sun biya. Yanzu duk mai shiga imel sai ya saka lambar tabbatarwa daga wayarsa, kuma idan shafi ya faɗi akwai mutum ɗaya da aikinsa kawai sa ido a kan kuɗi da masu shiga ɓangaren gudanarwa.

Mai kula da shafuka, Yelwa:
Gaskiya ne, Malam. Idan kuma ta tabbata an taɓa bayanan kwastomomi ta yadda za su iya cutuwa, dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta sanar da hukumar kare bayanai ta Najeriya, NDPC, cikin awa 72. Kada a goge rajistar sabar, wato bayanan duk masu shiga da take ajiyewa, domin ita ce hujja.

Mai atamfa, Wunti:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Mun duba imel ɗin, mun ga an shiga daga wata ƙasa a daren da abin ya faru, kuma mun canja kalmar sirri. Malam na Yelwa, shin tsarin Cloudflare na kyauta zai wadaci shago irin nawa, ko kuwa sai na biya?