Mene ne ma'anar "hit the road"?

Ɗalibi a Madina: Assalamu alaikum. Jiya, da za mu tafi Makka umra, wani abokin tafiyarmu Ba'amurke ya ce "let's hit the road", na rasa dalilin da zai sa a doki hanya. Malamai, ina neman bayani.

Malami a Jidda: Wa alaikumus salam, ɗana. Nufinsa shi ne ku kama hanya, kuma ka lura cewa mu ma da muke faɗin haka babu wanda yake riƙe hanyar da hannunsa. Maganar hira ce tsakanin abokai, ba a sa ta a takardar ofis.

Direba a Makka: Allah ya saka wa Malam. Baƙi sukan faɗe ta idan sun daɗe zaune, suna son yin sallama.