Neman shawara: ina so in harhaɗa bindiga mai jigida irin ta tarihi, ko abin ya cancanci kuɗinsa?

Mai tambaya, daga Texas

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka daɗe a Amurka kuma suka san harkar harbi na nishaɗi.

Ni makanike ne a gefen Houston, ina da takardar zama ɗan ƙasa, kuma filin harbi ne wurin hutuna ranar Asabar. Zuciyata ta daɗe da maƙale wa Browning M1919, mai jigidar nan da sojan Amurka ya yi Yaƙin Duniya na Biyu da yaƙin Koriya da ita. Ba mai ɓarin wuta nake nufi ba. Akwai wadda doka ta yarda farar hula ya mallaka, duk jan kunama ɗaya harsashi ɗaya. Hanya biyu ce a gabana: in sayi sassan tsohuwa, waɗanda da yawansu daga rumbun sojan Isra'ila suka fito, in kai wa maƙerin bindiga mai lasisi ya haɗa ina kallo, ko kuwa in ƙara haƙuri in sayi FN M249S sabuwa fil, wato samfurin farar hula na M249 mai jigida ta sojan Amurka. Na tara dala 6,000. Uwargida ba ta hana ba, amma ba ta ce in yi ba. Don Allah ku faɗa mini gaskiya.

Wani tsohon soja, daga Arizona

Wa alaikumus salam ƙanena. Na ɗauki M249 a kafaɗa lokacin ina aiki, don haka bari in fara da abin da masu sayarwa ba sa faɗa. Sayen doki ba shi ne wuya ba, harawarsa ce. Ita M1919 ta Isra'ila harsashin 7.62 take ci, wanda nan ake ce wa .308, kuma a 'yan shekarun nan kowane ɗaya yana kai kusan dala ɗaya. Jigidar ƙyalle guda tana ɗaukar 250. Ka lissafa da kanka: jigida ɗaya kusan dala 250, kuma ko da ɗai-ɗai kake harbawa, kafin abokinka ya gama shan shayi ta ƙare. Babu wanda yake kinkimar wannan kaya zuwa fili don ya harba ashirin ya koma gida.

Sannan nauyi. Bindigar kaɗai kilo 14 ce, ban da ƙafa ukun da take zama a kai, ban da akwatunan harsashi. Sai ka sayi ƙafar daban, ka sayi na'urar jera harsashi a jigida, domin in da hannu za ka yi, daren Juma'a gaba ɗaya zai tafi, yatsunka su yi kanta. Ga babban akwatin ƙarfe mai makulli da zai ɗauke ta a gida, tunda na san kana da yara. Dala 6,000 ɗinka za ta iya kai ka ga mallakarta, amma ba za ta ciyar da ita shekara guda ba. M249S kuwa ba ta cikin lissafinka, kuɗinta ya haura dala 8,000, sai dai harsashinta na 5.56 ya fi sauƙi.

Abin da ya fi damuna shi ne: an ƙirƙiri jigida ne don a yi ta zuba wuta ba tsayawa. Idan aka cire wannan, abin da ya rage maka ƙarfe ne mai nauyi da ke yin aikin da bindigar dala 800 za ta yi, kuma ita ta fi ta saiti. Filayen harbi da yawa ma ba sa yarda ka kafa ƙafa uku a ƙasa, wasu kuma suna hana harbi da sauri. Ka tambayi naku kafin ka fitar da ko sisi.

Wata 'yar uwa mai aiki a ofishin lauyoyi, daga Virginia

Yaya, ni ta fuskar doka zan yi magana, kuma ba don kai kaɗai ba, don na san akwai ɗalibai a cikinmu.

Dokar 1934 ce ta fara wajabta rajistar bindigogi masu ɓarin wuta a ƙasar nan. A 1986 aka rufe ƙofar: duk wadda ba a yi wa rajista ba kafin 19 ga Mayu na wannan shekara, farar hula ba zai taɓa mallakarta ba. Shi ya sa 'yan kaɗan ɗin da suka rage suke kai dubban daloli masu yawa. Haɗarin aikinka a nan yake. Sassan da za ka saya na bindigar yaƙi ne ta ainihi. Idan abin da aka haɗa ya saki harsashi fiye da ɗaya da jan kunama ɗaya, ko hukumar ATF mai kula da dokokin bindiga ta ga ana iya mayar da shi haka cikin sauƙi, to a idon doka mashinga ce marar rajista, hukuncinta yana kai ɗaurin shekara 10. "Ban sani ba" ba ta cika ceton mutum ba bayan an riga an kama kayan. Don haka kada ka bi bayanin wani a intanet, kada ka bari aboki ya taɓa maka a garejinsa. Maƙeri mai lasisin tarayya, da rasiti na kowane abu.

Jihohi ma sun bambanta. Texas ba ta ƙayyade yawan harsashi ba, amma New York da California sun tsaya a 10, kuma jigida tana shiga wannan lissafi. In wata rana aiki ya mayar da kai can, ka shiga matsala.

'Yan uwa masu bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana ku riƙe bindiga sai da wasu 'yan keɓantattun sharuɗɗa. Masu girin kad, wato izinin zama na dindindin, suna iya saye, amma laifin bindiga yana cikin abubuwan da ake korar mutum daga ƙasa a kansu. Kuma ko ƙusa ɗaya ta bindiga kada wani ya jefa a kwantenar da za ta tafi gida.

Wani matashi, daga Oklahoma

Ni kam zan ɗan saɓa wa Yaya soja. Ina da irinta, na saye ta a haɗe daga kamfani mai lasisi. Duk abin da ya faɗa na kuɗi gaskiya ne, amma ya auna ta da ma'aunin mayaƙi. Mai tambaya makanike ne. Daɗin M1919 a buɗe murfinta yake, ka ga yadda John Browning ya sa ƙarfin komawar harbi ɗaya ya jawo jigida, ya zaro harsashi, ya tura na gaba, ya zubar da kwanso, duk babu lantarki, fasahar fiye da shekara 100. Ni sau da yawa goge ta da kwance ta ya fi mini harbin daɗi.

Kuma ba kamar mota take ba da darajarta za ta faɗi da zarar ka fita da ita. Sassan da ake samu da 'yan ɗaruruwan dala shekaru 20 baya yanzu sun haura dala 1,000, saboda ba a ƙara shigo da su kamar da. Sai dai ka sani, wadda aka haɗa a gida tana wuyar sayarwa, mutane suna tsoronta. Suna da dalili kuwa: wannan bindiga tana da saiti tsakanin bututu da makullinta wanda in ya kauce kwanso yana iya fashewa kusa da fuskarka. Wannan aikin gwani ne mai kayan awo. Shawarata ka sayi haɗaɗɗiya mai sunan kamfani a jiki, ko da ta hannu ce.

Dattijon zaure, daga Bronx

Ɗana, ba zan ce maka haramun ba ne. Koyon harbi abu ne da addini ya yaba, kuma guminka ne. Amma ni mutumin Zamfara ne. A wajenmu idan aka ce "mai jigida", ba wasan Asabar ake tunawa ba, ana tuna daren da aka shigo gari ne a kan babura. Ina da 'yan uwa da suka bar gonakinsu shekara da shekaru ba su koma ba. Kai a wurinka tarihi ce da fasaha, na yarda. Amma ranar da ɗanka ya ɗauki hotonta ya sa a WhatsApp, wanda zai gani a Gusau ko Funtuwa ba zai san ɗai-ɗai take harbi ba. Magana za ta tashi, kuma iyayenka da ke gida su za su ji ta. Nan ma, Musulmi baƙar fata da irin wannan kaya a bayan mota, kai ka san irin kallon da za a yi maka ko da duk takardunka sun cika.

Sai batun matarka. Ka zauna da ita ka gaya mata lissafin harsashin da Malam soja ya yi, ba kuɗin saye kaɗai ba. Ka duba kuma ko zakka ta hau kuɗin nan da ka tara, ka fitar tukuna.

Mai tambaya

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Maganar hoto ta shige ni, mahaifiyata tana Katsina. Na gode ƙanwata, batun haɗawa na ajiye shi, in ma zan yi to haɗaɗɗiya zan saya. Yaya soja, akwai yadda zan gwada ta in ji ko son nan na gaske ne kafin in zuba kuɗi?

Tsohon soja

Akwai. A Las Vegas da nan Texas ɗinku akwai filaye masu lasisi da ke ba da hayar mai jigida ta gaske, da malami a tsaye kusa da kai, kuɗin bai wuce 'yan ɗaruruwan dala ba. Taron masu harbin mashinga na Knob Creek a Kentucky ya tsaya tun 2021, amma na Big Sandy a nan Arizona ana yin sa, masu irin waɗannan tsofaffin bindigogi suna taruwa, kuma suna son a tambaye su. Ka zo ka sauka gidana. Ka kinkimi bindigar da ƙafarta da akwati biyu daga mota zuwa layi da hannunka, ka tsaya a wanke ta da yamma, ka tambayi masu ita nawa suke kashewa a shekara. Kuɗin ka bar shi a banki har ka dawo.