Tsohon gidan haya a Tudun Wada: a gyara ko a haƙura?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. An yi mini tallan wani tsohon gidan haya a Tudun Wada ta Kaduna, ɗakuna 12, shida na kallon shida, da rijiya da banɗaki biyu a baya. Iyali bakwai ne a ciki. Dillali ya rantse fenti da sabon kwano kawai yake so. Don Allah duk wanda ya taɓa sayen irinsa, me ya tarar?

Maman Biyu:
Wa alaikumus salam. Da rani ka gan shi ko? Mu ma da rani muka sayi namu a Kabala, bango fes. Ruwan Agusta na sauka danshi ya taso har gwiwa, filasta ta kumbura tana zuba kamar garin tuwo. Ashe da aka gyara titi, kwata ta fi tsakar gidan tudu, ruwan layin nan kaf mu yake yi wa sallama. Tifa huɗu ta jar ƙasa muka zuba, sai ƙofofi suka gajarce, maigida sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Ƙanena, ka koma ana tsaka da ruwa, ka tsaya ka ga inda yake bi.

Tsohon Birkila:
Ɗana, tafi da ƙaramar guduma da tocila. Da yawa cikin tsofaffin gidajen Tudun Wada da Unguwar Sanusi ginin ƙasa ne aka sa wa rigar siminti. Ƙwanƙwasa bango, in ya amsa kamar ganga, filasta ta rabu da shi. Tsaga siririya kamar gashi kada ta dame ka. Wadda ta tashi daga kusurwar taga ta gangara a karkace, har yatsa na shiga, wannan harsashi ne ya zauna, kuma fenti ba ya maganinta. Sannan ka ɗaga silin ka haska. Na taɓa taka katako a wani gida a Kawo, a ido lafiyayye, ashe gara ta cinye cikinsa, sai ga ni a kan gadon mutane. In kuma bene kake mafarkin ɗorawa, kira injiniya ya tona gindin bango ya gani tukuna.

Malam na Badarawa:
Ni ba gini ne ya kayar da ni ba, rabon gado ne. Babban ɗa na biya, na sauke bulo da yashi, sai ga ƙanwarsa daga Zariya ta ce ba a raba ba. Shekara biyu muna kotu, simintina ya daskare a buhu. Ka tara magada duka su sa hannu gaban mai unguwa, ka duba takardun a KADGIS, hukumar rajistar filaye ta Jihar Kaduna, ka nemi izinin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, kafin ka fasa bango.

Maman Biyu:
Na manta, ka auna tsakanin shadda da rijiya. Tamu taku biyar ce, dole muka rufe rijiyar. Ka tambayi bashin wuta ma, mita ɗaya ce ga kowa a irin gidajen nan.

Hajiya ta Rigasa:
'Yan hayan fa? A nawa akwai wata tsohuwa da a ɗakin ta aurar da 'ya'yanta duka. Na kasa ba ta notis. Ɓangare-ɓangare muka yi aikin, ana matsar da mutane daga wannan ɗaki zuwa wancan, ya ci lokaci da kuɗi. Amma su ne suka nuna mini duk inda ke yoyo, abin da dillali bai yi ba.

Ɗan Tudun Wada:
Allah ya saka da alheri. Na leƙa ɗazu, akwai tsagar nan ta karkace a ɗakin ƙarshe, an liƙe ta da kalanda. Baba Birkila, za ka raka ni ranar Asabar?

Tsohon Birkila:
In sha Allah, bayan La'asar. Ka nemo tsani, ni na daina taka katakon da ban sani ba.